Ɗan wasa ya ce mugu zai ɗauka: a bar shi ko a hana shi?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum, masu jan wasa. Tambaya gare ni ga manya. Mutum biyar sun taru za su fara doguwar tafiya a Dungeons & Dragons (D&D) bugu na 5, wasan labari da kowa ke ƙera mutuminsa a takarda ana jefa ƴaƴan lido. Huɗu sun ƙera mutanen kirki, na biyar ya ce shi fa mugu zai ɗauka, ɓarawo mai kisa don kuɗi. Mai ja, wato mai jagorantar labarin, ya bar shi ko ya hana shi? In an bar shi, mi zai hana ayarin watsewa tun zama na uku?

Bagobirin Tibiri: Wa alaikumus salam. A hana shi, ƙanena, kowa ya huta. Mutane sun bar sana'arsu, wani ya biya kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo, an shimfiɗa tabarma an ɗora shayi, sannan awa huɗu su ƙare wajen gadin jaka saboda mutum ɗaya? Ko waɗanda suka ƙera wasan da kansu sun san matsalar. A farkon bugu na 5, wasan hukuma na kamfanin Wizards of the Coast, wato Adventurers League, bai yarda da mugu ba sai mugun da ke bin doka, shi ma sai in yana cikin ɗaya daga ƙungiyoyin labarin biyu, Zhentarim ko Lords' Alliance. Kuma duba inda suka ajiye jarumin da ya karya rantsuwa da limamin mutuwa: ba a littafin ƴan wasa suke ba, a littafin mai ja na 2014 suke, sai da izininsa. Wannan kaɗai ya ishe ka hujja.

Malam na Burja: Bagobiri, hujjar taka gefe biyu gare ta. Da ba a so a taɓa su sam, da ba a buga su ba. An ce sai da izini, to maganar izinin ce ya kamata mu yi.

Ɗana, kafin ka ce i ko a'a, ka janye shi gefe ka tambaye shi mi yake nufi da mugu. Kalmar ɗaya ce amma abin da ke bayanta ya bambanta. Wani labarin mutum mai baƙar zuciya yake so, wanda wataƙila ya tuba a ƙarshe ko ya hallaka. Wani kuma ya gaji ne da kullum a ce a ceci ƙauye kyauta, yana son mutumin da zai ce "nawa za ku biya?" Wannan ma ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma Maradi ba ta rasa irinsa ba. Na ƙarshe shi ne wanda yake neman lasisin cutar abokansa ya fake da takarda. Shi ne kawai abin tsoro.

Yadda za ka rarrabe su, tambaya uku ce, kuma amsar a rubuce a bayan takardar mutuminsa. Wa ke cikin ayarin nan da ba zai taɓa ci wa amana ba, kuma don mi? Mi yake nema a duniya da ba zai samu shi kaɗai ba? Wane abu ne ko da kuɗi ba zai aikata ba? Mai son labari zai cika maka rabin shafi cikin minti goma, har ya ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Mai neman fitina zai ce "mutumina ba ya yarda da kowa, ba ya buƙatar kowa." Sai ka ce masa madalla, wannan mutumin ba shi da dalilin tafiya da ayari, ƙera wani.

Uwar Ayari: Malam ya faɗi tushen. Abin da zan ƙara: muguntar ta fuskanci waje. Mugun da ke yi wa ayari aiki kadara ne, shi ke yin abin da sauran ke ƙyama, shi ya san ɓarayin gari, shi ke iya kallon sarki ya yi masa ƙarya ido da ido. Mugun da ya juyo ciki kuwa, gara ce a rufin ɗaki.

Kuma mu daina ɗaukar muguntar kamar hauka. Mugun mutum yana da uwa, yana da aboki, yana son a yi masa kallon mutumin kirki a kasuwa. Ku tuna Gizo: maƙaryaci ne, maci amana, mai haɗama, amma ba ya tashi da safe ya ƙone garin da yake ci a ciki. Dabara yake yi, kuma shi ya sa yara ke jiran tatsuniyarsa. Kura ce ke afka wa komai ba tunani, ita ce kuma kullum ke shan kashi. Ka ce wa ɗan wasanka Gizo muke so, ba Kura ba, zai gane nan take.

Ɗan Bagalam: Yaya, to a gidaje taran nan da littafin wasan ya raba halin mutane, wanne ne Gizo wanne ne Kura?

Mai Lissafi: Bari in shigo nan. Gidajen ba tara suka fara ba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, uku ne kawai: bin doka, tsaka-tsaki, da hargitsi. Taran sun kafu ne a littafin ƴan wasa na 1978. Bugu na 4 a 2008 ya rage su zuwa biyar, bugu na 5 a 2014 ya maido da tara. Pathfinder kuwa, wani wasa irinsa na kamfanin Paizo, ta cire su gaba ɗaya a gyaran 2023. Abin da ake ta canzawa haka ba ginshiƙi ba ne, kada ka jingina ɗakinka da shi.

Amma ga amsar. Mugu mai bin doka yana da alkawari ko ubangida ko al'adar da ta ɗaure shi, yana cin nasa ne a cikin wannan da'irar. Shi ya fi sauƙin ɗauka a ayari, don kana iya ƙulla yarjejeniya da shi. Na tsakiya yana yin duk abin da ya san zai sha, to shi sai ka tabbatar cin amanar ayari kullum asara ce a gare shi. Na hargitsi, yadda littafin ya zana shi, ta'adi yake yi yadda zuciyarsa ta raya masa. Wannan ne Kurar. A ayarin da ya haɗa da mutanen kirki, ni ban ga yadda za a ɗauke shi zama goma ba.

Wani abu da tsofaffin ƴan wasa ke kawowa daga bugu na 3: a can jarumin addini yana da ikon gano mugu duk lokacin da ya so, kuma doka ta hana shi tafiya da mugu yana sane. Wato dokar da kanta ke raba ayarin. A bugu na 5 ba haka ba ne. Sihirin gano mugunta da alheri, duk da sunansa, ba ya karanta halin mutum. Abin da yake nunawa a cikin ƙafa 30 shi ne irin su shaiɗanu, matattu masu tafiya, halittun sama da makamantansu. Ɓarawon nan naka, in ɗan Adam ne, ba zai haska ba. Da yawa masu ja suna kuskure a nan, su tona asirin ɗan wasa da dokar da babu ita.

Bagobirin Tibiri: Duk kun yi magana mai daɗi, amma ku sauko ƙasa. Dare ya yi a daji, an raba gadi, gadin mugun ya zo, kowa na barci. Ya ce "na zare wuƙa." Sai mi?

Mai Lissafi: Sai mutuwa, in ka bi doka yadda take. Ga lissafin. Ɓarawo a mataki na 3, gajeren takobi 1d6+3 (ɗan lido ɗaya mai fuska 6, a ƙara 3), sarar ɓoye 2d6 (ƴaƴan lido biyu). Wanda ke barci, duk sarar da ta same shi daga ƙafa 5 ana ninka ƴaƴan lidon, kuma mai sara yana jefa d20 (ɗan lido mai fuska 20) biyu ya ɗauki babba. Ya zama 6d6+3, matsakaici 24. Boka a mataki na 3 mai ƙarin lafiya +2 jininsa, wato ɓarnar da zai iya ɗauka, 20 ne. Sara ɗaya ya faɗi. Sara ta biyu a kansa yana kwance tana cin biyu daga cikin faɗuwa uku na mutuwa, sara ta uku ta ƙarasa shi. Wanda aka kashe bai jefa komai ba, bai zaɓi komai ba, mutumin da ya yi sati uku yana ƙerawa ya tafi.

Dalilin shi ne an gina wasan ne don ayari ya yaƙi dodanni. Ɓarnar da ɗan wasa ke iya fitarwa ta fi ƙarfin jinin ɗan uwansa, don haka a faɗan ƴan wasa wanda ya fara shi ke ci. Ba gwaninta a ciki.

Sata ma haka. Ɓarawon nan da ƙwarewa ninki biyu a saurin hannu yana da +7. Abokinsa mai lura 12 in ba ya sa ido. Yana buƙatar 5 ko sama a d20, wato sau 80 cikin 100 zai sha. In ka bar ƴaƴan lido su yanke hukunci, ka riga ka yanke wa ɓarawon.

Uwar Ayari: Shi ya sa doka ɗaya tak ta warware wannan, kuma a zaman share fage, wato zaman shawara kafin a fara wasa, ake kafa ta, ba da dare a daji ba. In mutumin wani ya nufi mutumin wani da sara, ko sata, ko sihirin juya hankali, ba a jefa komai. Wanda aka nufa shi ke faɗin abin da ya faru. Yana iya cewa "na farka na riƙe hannunsa," ko "ya ɗauki jakar ban ji ba," ko ma "a jefa, na yarda." Ikon yana hannun wanda za a cuta.

Za ku yi mamakin yawan lokacin da mutane ke yarda a sace musu in an tambaye su, don sun san za a samu rigima mai daɗi gobe. Abin da ba sa yafewa shi ne a yi musu ba shawara. Kamar wasan taubasai ne. Bagobiri da Bazabarme suna faɗa wa juna maganar da in baƙo ya faɗa sai an kai ga mai unguwa, amma dariya ake yi, don kowa ya san an yarda kuma ya san iyaka.

Ɗan Zabarma: Hajiya, tunda kin taɓo mu, bari in gaida bawana na Tibiri. Ba mamaki yana tsoron mugu a tabarma, ya san in aka buɗe ƙofar, duk Gobirawa can za su ruga.

Maganar gaskiya kuma, ina da ja a kan wasiƙun ɓoye. Da yawa masu ja suna barin mugun ya riƙa turo musu saƙo a salula ana tsakiyar wasa. Abu biyu ke lalacewa. Na ɗaya, kowa yana ganin kana duba salula kana murmushi, zargi ya shiga, wasa ya tsaya. Na biyu, mutum ɗaya ya samu rabin hankalinka, huɗu suna raba sauran rabin. Gara a yi muguntar a fili. Ƴan wasa su ji komai, mutanensu ne ba su sani ba. Ya ce a gaban kowa, "ina fita da dare in gana da ɗan leƙen asirin sarki," sauran su dafe kai suna dariya, sannan su ci gaba da wasa kamar ba su ji ba. Daɗin ya ninka, don kowa yana kallon wutar tana matsowa kusa da rumbu.

Bagobirin Tibiri: Ubangidanka dai, Bazabarme. Amma ka faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Sai dai ba kowa ke iya raba abin da ya ji da abin da mutuminsa ya sani ba. Sabon ɗan wasa zai ce "haka kawai na ji ina son in bi shi a baya."

Ɗan Zabarma: Sai ka bar shi ya bi, amma ya jefa. Lurarsa a kan ɓuyar wancan. In ya ci, ya gani, labari ya ci gaba. In ya faɗi, ya ɓata a lungu ya dawo. Ba a rasa komai ba. Asiri ɗaya babba kawai nake ganin ya cancanci a ɓoye wa ƴan wasa, shi ma da sharaɗin an gaya musu tun farko cewa a tafiyar nan akwai yiwuwar maci amana. Akwai wasannin da aka gina don haka, kamar Paranoia na 1984, inda kowa ke da kwafin kansa shida saboda an san za a kashe juna. A can cin amana shi ne abincin. A D&D kuwa rai ɗaya ne, kuma maido da shi lu'ulu'u mai darajar zinariya 300 ne in an yi cikin minti ɗaya, ko na 500 cikin kwana 10, in ma akwai mai sihirin a kusa.

Malam na Burja: Mu koma kan mutanen gari, don a nan masu ja suka fi ɓata. Mugun ya kashe mai shago saboda farashin igiya. Mai ja ya fusata, sai ga dogarai arba'in sun faɗo daga sama, ko mai shagon ya zama tsohon mayaƙi na mataki 20. Wannan ba duniya ba ce ke amsawa, kai ne ke ramuwa, kuma kowa a tabarmar ya gani. Ɗaya kuskuren kuma a yi shiru kamar ba a yi komai ba, sai ya koyi cewa mutanen gari buhunan kuɗi ne masu tafiya.

Abin da ke aiki shi ne sakamakon da ke zuwa a hankali, ta hanyar da kowa zai iya hangowa. Mai shago yana da ɗa, yana da maƙwabci, yana da wanda yake bin sa bashi. Gobe kasuwa ta ƙi sayar wa baƙi. Jibi mai masauki ya ce ɗakin an kama. Wanda zai ba su aikin zinariya 200 ya aiko cewa ya fasa. Ku dubi yadda fatauci ke tafiya tsakanin nan da Katsina da Kano: amana ce jarin, wanda sunansa ya ɓaci sau ɗaya ko ya zo da kuɗi a hannu ana ɗari-ɗari da shi. Wannan ya fi takobi ciwo, kuma ba wanda zai ce an zalunce shi.

Sai dai a kula, in kullum ayarin duka ke biyan laifin mutum ɗaya, haushin zai tashi daga takarda ya koma kan ɗan wasan. A raba: wani sakamakon nasa ne shi kaɗai. Fuskarsa ce aka zana a ƙofar gari, shi ne zai kwana a waje sauran su shiga.

Mai Lissafi: Kuma dogarai ma ba sa aiki, Malam, ko da an so. Dogari a littafin dodanni jininsa 11, kariyarsa (lambar da sai an kai ta a same shi) 16, sararsa +3. A kan mayaƙi mai kariya 18 sai ya jefa 15, wato sau 30 cikin 100, ya cire kamar 4. Boka a mataki na 5 ya jefa ƙwallon wuta, 8d6, matsakaici 28, wanda ya kauce ma ya sha 14. Duk wanda ke cikin ƙafa 20 ya tafi. Ka turo dogarai goma don ka hukunta kisa ɗaya, ka ƙare da gawa goma sha ɗaya, ayarin kuma ya zama abokin gaban masarauta, labarin da ka shirya ya mutu.

In kana son ma'auni, ari na Blades in the Dark, wasan John Harper na 2017, wanda dama ƴan wasan duka ɓarayi ne. Suna da layin zafi mai gida 9. Aikin da aka yi shiru 0, wanda aka ɗan ji 2, mai hayaniya 4, na ɓarna 6, in an yi kisa a ƙara 2. Layin ya cika, matakin nema ya hau ɗaya, a share a sake, har zuwa 4. Zana shi a kwali ka ajiye tsakiyar tabarma kusa da butar shayi, ka rubuta abin da kowane mataki ke jawowa: na 1 ana tambaya a kansu, na 2 an sa lada, na 3 an ɗauko mafarauta na gaske, irin tsohon soja mai jini 58, su uku ko huɗu. Amfaninsa shi ne mugun yana gani da idonsa kafin ya zare wuƙa, sauran ma suna gani, su za su riƙe shi ba kai ba.

Uwar Ayari: Bincike ma yana da kayan aiki a cikin wasan, a yi amfani da su da adalci. Sihirin magana da gawa tambaya biyar ne, kuma sai gawar tana da baki. Da'irar gaskiya ƙafa 15 ce, minti 10, wanda ya faɗi a jifa ba ya iya ƙarya amma yana iya yin shiru ko ya kewaye, mai sihirin kuma ya san wa ya faɗi wa ya tsira. To mugun mai wayo zai rufe fuska, zai shirya amsar da gaskiya ce amma ba ta kama shi. Wannan wasa ne mai kyau, a bar shi ya ci ribar wayonsa. In ya yi shiri tsaf ya sha, to ya sha. Ba dole ne kowane laifi a kama shi ba, in ba haka ba ka nuna masa tun farko ba ka yarda ba, kawai ka ji kunyar faɗi.

Mushe na Zariya: Ni wani gefen ke damuna. Wasan nan a fada ake yin sa ko a zaure, ƙannai na zaune a gefe, wani dattijo na wucewa. Akwai abin da ba ya faɗuwa a nan, ko da sunan wasa. Ya ake tsare wannan ba tare da an kashe labarin ba?

Uwar Ayari: Mushe, da layi da labule. Ron Edwards ne ya kawo tsarin a 2003. Layi shi ne abin da ba zai shiga labarin ba sam. Labule shi ne abin da zai iya faruwa amma ba a siffanta shi, a ce "an shiga da shi ɗaki, bayan awa ɗaya an fito," a wuce. A zaman share fage ka ba kowa ƴar takarda ya rubuta nasa ba suna, ka tattara, ka karanta a fili, ba a tambayar dalili. Ba suna ɗin yana da muhimmanci a wajenmu, don yaro ba zai buɗe baki a gaban yayansa ya ce abu kaza yana damuna ba. A tawa shawarar, cin zarafin mata da cutar yara da taɓa addinin kowa layi ne kafin ma a raba takardu. Azabtarwa labule. Kuma a ƙara da abin da ke kusa da mu: garkuwa da mutane don kuɗin fansa ba almara ba ce ga wanda danginsa ke ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Madarunfa. Ba ka san wa ke zaune a tabarmarka da wane ciwo ba.

Sannan katin X na John Stavropoulos: kwali da aka zana X, a tsakiya. Wanda abu ya dame shi ya taɓa, a cire abin, a ci gaba. In taɓawa a gaban mutane na da nauyi, a yarda da wata kalma, ko "a zuba shayi" ma ta isa.

Game da azabtar da fursuna don a samu labari, akwai maganin da ya fi wa'azi: wanda ake azabtarwa yana faɗin abin da ake son ji ne. Ka ba su amsa nan take, ta ƙarya, su bi ta su faɗa rami. Wanda kuma aka ba abinci aka yi masa alkawarin sakinsa ya faɗi ta gaskiya. Sau biyu ya isa su daina.

Ɗan Bagalam: Na gode, manya. Saura ɗaya. In an yi duk wannan, ya karya doka, ya ce "ai haka halin mutumina yake"?

Malam na Burja: Sai ka tsayar da wasa minti biyar, ba a gaban mutane ba, ka tuna masa wa ya ƙera mutumin. Ba daga sama ya faɗo ba, shi ya rubuta shi da bironsa, shi kuma zai iya ba shi dalilin yin wani abu daban. Matsalar tsakanin mutane ce, ba a warware ta da walƙiya daga sama ko dodon da ya fi ƙarfinsa. In ya sake, mutumin ya bar ayari ya koma hannunka, shi kuma ya ƙera sabo a mataki ɗaya da sauran, kada a rage masa, ba tara ake ci ba. In ya sake na uku, to ba takardar ce matsala ba.

Kuma tun ranar farko ku yi maganar ƙarshen mugun. Tuba zai yi, mutuwa zai yi, ko zai juya ya zama babban abokin gaba? In na ukun ne, yarjejeniyar ita ce ranar da ya juya, takardar ta dawo hannun mai ja. Vampire: The Masquerade na 1991 ya sa wannan a doka: mutuntaka daga 10 zuwa 0, ta kai 0 mutumin ya fita daga hannun ɗan wasa. Babu abokin gaban da ayari zai tsana kamar wanda suka ci tuwo da shi zama ashirin.

Bagobirin Tibiri: To na sassauta, amma ba duka ba. Sabon mai ja da bai kai zama goma ba, ko tabarmar da mutane ba su san juna ba, har yanzu a'a nake cewa. In kuma ana son a ɗanɗana, a yi gajeren wasa na zama biyu ko uku, kowa mugu, da ubangida ɗaya da ya fi ƙarfinsu duka da aiki ɗaya a gabansu, kamar yadda Paizo ta yi a Hell's Vengeance a 2016, inda miyagun ke yi wa masarauta aiki, sai dai ita doguwar tafiya ce. Kuma a rubuta rabon ganima kafin a fita: kashi daidai, da kashi ɗaya na asusun ayari.

Ɗan Zabarma: Wa zai riƙe asusun?

Mai Lissafi: Ba ɓarawon ba. A rubuta shi a kwali ɗaya da layin zafi, a bar shi a fili, duk wanda ya cire ya sa hannu.